Baba Ya Shiga Asibitinku Da Sandarsa, Ya Fito A Bayana

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka kwantar da mahaifina,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da likitoci da ma'aikatan jinya na ɗakin maza. Sunana Habu, manomi ne ni a wani ƙauye na ƙasar Bagwai. Karatuna bai yi nisa ba, in ka ga tuntuɓe a rubutun nan ka yi haƙuri, ka ɗauki maganar.

Gab da faɗuwar damina na kawo muku mahaifina, Malam Idi, ƙafafu a kumbure, in ya kwanta numfashi ya ƙi sai an jingine shi. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki. Tsoho ne, ya daɗe yana ramewa, amma da sandarsa ya taka daga ƙofar asibiti har gado. Ranar sallama kuwa goya shi na yi zuwa mota. Kumburi ya saɓe, numfashi ya daidaita, wannan aikinku ne, Allah ya saka. Sai dai har yau bai sake zuwa masallacin ƙofar gidanmu da ƙafarsa ba.

Abu uku zan kawo maka. Na farko. Ranar da aka ba mu gado an ce Baba ya huta. Ba wanda ya dawo ya ce hutun ya isa haka. Mu kuma a gidanmu ɗa ba ya zama yana kallon uba na miƙa hannu wajen buta. Allurar da ake yi masa tana sa shi yawan fitsari, sai na nemo roba, ina kawo masa har gado. Alwala a kwano, salla a kishingiɗe, kunu ni ke ba shi a baki. In ya yunƙura zai sauko, ni ke dafa kafaɗarsa in ce ya kwanta. 'Yan dubiya su zo su yi ta sa mini albarka, ni ma ina jin daɗi.

Akwai wani dattijo a gadon da ke kusa da mu, ciwonsu ɗaya da Baba, ana ce masa Baba Maitaba. Ba shi da mai kwana da shi, 'yarsa ce ke leƙowa da yamma. Shi ke dafa bango ya je bayan gida, ya tsaya ya huta, ya ci gaba. Yakan tsokani Baba, wai an mai da shi ango, saura lalle. Ni kuwa a raina ina zagin 'ya'yansa. Ranka ya daɗe, mutumin nan da ƙafarsa ya fita, yana riƙe da ledar maganinsa. Ni da na kwana a ƙasan gadon ubana, da hannuna na kwantar da shi har ƙafafunsa suka manta da ƙasa. Wannan nauyi nawa ne, ban ɗora muku ba. Amma ma'aikatanku suna wucewa suna ganina ina yi, da ɗaya ya ce mini in bar shi ya taka, da na ji.

Na biyu. Kullum da safe ana duba nauyinsa, in ya ragu a ce madalla, ruwa na fita. Ni na ga zoben azurfarsa ya fara zamewa, na ga damtsensa ya zama fata. An hana gishiri da dunƙule, ya ce miyar kamar ruwan wanke kwano, ya daina ci. Na lura, na yi shiru, don ina ganin mutum irina ba ya gyara wa likita. Shi kuma in an tambaye shi jiki, amsarsa ɗaya ce, da sauƙi. Tsohon ƙauye ba ya kai ƙarar jikinsa gaban ɗansa.

Na uku. An sallame mu da magani da ranar dawowa. Ba a ce ya miƙe a ga ko zai iya tsayuwa ba.

Ga inda muke yanzu. Gero ya fitar da kai, gonar tana bayan katangarmu, Baba yana jin muryar masu aiki, bai gan ta ba. Ƙafar ta soma kumbura kuma, shi ya ce ba zai koma ba, asibiti ya karɓi ƙafafunsa, in ya koma me ya rage a karɓa? Ban san da bakin da zan ce masa ba asibiti ne kaɗai ya karɓa ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: in an kawo tsoho, a dubi ƙarfinsa yadda ake duban zuciyarsa. Yana iya tashi daga kujera? Yana ci? A kira mu masu jinya a faɗa mana da Hausa yaushe ne kwanciya magani, yaushe take zama cuta. A nuna mana abin da za mu dafa da tsoho zai ci ba gishiri. In kuma na samu na shawo kan Baba, a ba mu wanda zai koya mini yadda ake tayar da mutum, don abin da nake yi yanzu lalube ne.

Na fara ajiye masa butarsa a bakin ƙofar ɗaki. Ina tsayawa kusa, hannuna a baya, yana dafa bango, jikinsa na rawa. Inna ta daina amsa gaisuwata da kyau, maƙwabta sun ce jinya ta ishe ni. Jiya ya kai ga butar. Bai dube ni ba, ya ce gobe in matsar da ita tsakar gida.

Allah ya yi maka jagora, ya sa masu shiga hannunku su fita da ƙafarsu, ya yafe mana abin da muka yi da sunan ladabi.

Wassalam.

Habu Malam Idi