Jakar Aikin Inna

Litinin, 5 ga Mayu

Edita ya turo batun wannan watan a zauren marubutanmu na waya: aikin da iyayenmu mata suka yi. Mu goma sha ɗaya ne, kowa da ƙasarsa, kowa da yarensa, ban taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido ba. Kowa zai rubuta a shafinsa na intanet, ya sa fassara a ƙasa, ranar ƙarshen wata mu saki tare, kowa ya tura masu karatunsa wajen sauran.

Ina ɗakin kati na karanta saƙon, layin marasa lafiya har bakin ƙofa. Na miƙa wa wata mata katin da ba nata ba. Sai da na bi ta har wajen awo na karɓo, na ba ta haƙuri.

Tun kafin in kai ƙarshen saƙon na san abin da zan rubuta.

Laraba, 7 ga Mayu

Shekara huɗu da buɗe shafina, ban taɓa sa maganar mutum ba sai na je na karanta masa da bakina, ya ce ya yarda. Mai gadin asibitinmu sau biyu na karanta masa nasa, don na farko yana gyangyaɗi. Tela ya ce in cire inda ya ɓatar mini da yadi, na cire. Tun muna makarantar allo malaminmu ya dasa mana tsoron giba: in ka faɗi abin da mutum ba ya so a bayan idonsa, kasancewarsa gaskiya ba ta wanke ka. Ban ga dalilin da zai sa rubutu ya fita daga wannan hukunci ba.

To Inna shekara shida ke nan da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Wa zan karanta wa?

Yaya. Mu biyu muka rage.

Asabar, 10 ga Mayu

Na gama bayan la'asar, a kan teburin guga, tunda an mamaye mini falo da kallon ƙwallo.

Ga abin da na rubuta a taƙaice. Bayan rasuwar Baba, Inna ta yi shekara goma sha tara tana shara da goge-goge a wani benen ofisoshi mai hawa biyar. Takan fita bayan sallar asuba cikin mayafinta mai kyau, da jaka a hannu. A cikin jakar akwai rigar aiki, da safar hannu ta roba, da silifas. A banɗakin ƙasa take canza kaya. Duk unguwa an san Inna tana aiki a ofis, ba wanda ya san wane aiki. In ta dawo takan daɗe tana dirje hannu da lemon tsami don warin maganin goge ƙasa ya fita. Sannan ta ciro mini takardun da aka yar, waɗanda bayansu fari ne. Ba ta taɓa ɗauko ko ɗaya ba sai ta tambayi mai teburin: "Ranka ya daɗe, wannan an gama da ita?" A bayan takardun nan na koyi rubutun boko, allona na jingine a bango.

Na rufe da cewa Inna ta yi ta jin kunyar aikin nan har ta koma ga Mahaliccinta. Jimlar ta yi mini daɗi ƙwarai.

Lahadi, 11 ga Mayu

Fassara tun safe. Turancina kamar takalmin aro, yana kai ni amma yana matse ni. Na tura wa Edita shi kaɗai.

Talata, 13 ga Mayu

Edita ya amsa. Yaro ne mai ladabi, Anti yake ce mini. Ya ce rubutun ya taɓa shi, amma ina Afirka a ciki? Wai benen nan zai iya zama a kowane birni na duniya. Ba hayaniyar kasuwa, ba kaka mai tatsuniya, ba ko bishiya ɗaya.

Na wuni ina laluben kaina ko akwai abin da na manta. Sau uku Inna ta taɓa zuwa da ni. Abin da na gani: tayil mai santsi, na'urar sanyi, kwandunan shara, da wani masinja mai tari. Shi ke nan.

Na faɗa wa maigida. Bai ɗago daga gyaran fankar da ya kwance ba ya ce, "Malama, ki sa masa raƙumi ɗaya a hawa na uku, bawan Allah ya samu natsuwa." Na yi dariya har na ji kunyar kaina, tunda mutumin ba ya nan.

Na amsa wa Edita cewa ba zan iya ƙara abin da babu ba. Ya kai tambayar zaure ba tare da ya ambace ni ba, aka kwashi muhawara. Mai Hula, wanda hotonsa kullum da hula, ya ce in ba mu ba na waje abin da suke nema ba, ba mai leƙo mu. Wata likitar haƙori mai rubuta waƙa ta ce, "Tawa uwar direbar motar makaranta ce. Sai in ɗora mata tulu a ka?" Kafin magariba Edita ya turo mini ban haƙuri mai tsawo.

Sai yanzu na lura na riga na nuna wa baƙo kafin Yaya. Astagfirullah.

Juma'a, 16 ga Mayu

Gidan Yaya. Na tarar tana ninke kayan jikokinta. Ta ce, "Auta, yau kuma wa aka rubuta? Ni dai na ce kar a sa ni, ba ni da labari."

Na ce Inna ce.

Na fara karantawa. Tana ninkewa, tana ninkewa. Da na kai kan jakar sai ta daina. Na ƙarasa.

Ta ce, "Su waye za su karanta?"

Na ce kowa, har mutanen wasu ƙasashe.

"Har surukaina."

Na ce mai yiwuwa.

"Abin da baiwar Allah ta rufe shekara da shekaru, ke za ki kwance shi a titi don baƙi su tafa miki?" Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na ce Yaya aikin halal ne, da shi aka raine mu. Ta ce, "Ni za ki gaya wa? Kina goye aka fara. Kin zo neman izini ko kin zo wa'azi?"

Na ce izini.

"To ban ba ki ba."

Ta raka ni har bakin ƙofa kamar kullum, amma ba ta ce in gaida gida ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Na kira sau biyu. Ba ta ɗauka ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na faɗa wa zaure wataƙila ba da ni ba wannan karon, 'yar uwata ba ta yarda ba. Shawara ta yi ta zubowa. Mai Hula ya ce in mayar da ita wata maƙwabciya, in canza benen ya zama makaranta. Ya ce marubuci ba ya neman izini, in ya tsaya nema ba zai rubuta ko layi ɗaya ba. Wata ta ce ita sai da babanta ya yi shekara ba ya mata magana, daga baya shi ke raba littafin a wajen aikinsa. Duk da kyakkyawar niyya suke yi, na sani.

Amma in na ce maƙwabciya na yi ƙarya, kuma Yaya za ta gane jakar ko a duhu.

Maganar tafin nan da Yaya ta yi ce ta tsaya mini. Na zauna bayan azahar na tambayi kaina tsakani da Allah: don Inna nake so a karanta, ko don likitar haƙori ta ce Anti kin iya? Ban samu amsa mai tsabta ba. Duka biyun suna nan, a cakuɗe.

Asabar, 24 ga Mayu

Na ce wa Edita ya cire sunana. Ya ce zai bar gurbin har ranar ƙarshe, ba ya cin wuri.

Na wanke labulaye duka. Maigida ya kalle ni ya kalli igiyar shanya, ya ce, "Har na kicin?"

Laraba, 28 ga Mayu

Wajen sha ɗaya na ɗago kai, sai ga Yaya a tagar kati, ta bi layi kamar kowa. Ta ce awon jini ta zo. Ranar awonta sai wata mai zuwa, ni nake rubuta mata da hannuna. Na ciro katin.

Da lokacin hutuna ya yi na same ta a bencin bayan ɗakin magani, katin na hannunta, ba ta shiga ko'ina ba.

Ta ce, "Ƙarshen rubutun nan naki ƙarya ne."

Na ce wane wuri?

"Inna ba ta taɓa jin kunyar aikinta ba. Da rigar aikin take fita, bokitinta a hannu, tana gaisawa da kowa. Shekara biyu a haka. Ke ba ki da wayo lokacin."

Sai ta ba ni labari, tana kallon takalminta. Tana da shekara goma sha huɗu, wata 'yar ajinsu da babanta ke aiki a benen ta gane Inna. Washegari aka ajiye wa Yaya tsintsiya a kan kujera. Ta dawo gida ta ce wa Inna ta daina biyowa ta gaban makarantarsu, in ba haka ba ita ta bar karatu. Ta ce har da wata magana da ba za ta maimaita ba. Ranar Litinin Inna ta fito da mayafin unguwa da jaka.

"Ni na saka ta a jakar nan, Auta. Na yi aure, na haihu, ba ta daina ba, ni kuma ban taɓa ce mata ta daina ba. Kullum sai in ce gobe."

Na riƙe hannunta. Ta bar ni na riƙe kaɗan, sannan ta zare ta gyara mayafi.

Ta ce, "In za ki rubuta, ki rubuta daidai. Ki ce babbar 'yarta ce. Amma kar ki zo ki karanto mini, ba zan iya saurara ba."

Na ce Yaya kin san ba na saki sai na karanta wa mutum.

"Wannan dokarki ce, ba ayar Allah ba. Ni na gaji, zan tafi. Karɓi katinku."

Alhamis, 29 ga Mayu

Shekara huɗu ina tsoron faɗin gaskiyar da mutum ba ya so. Ashe na ɗora wa mahaifiyata abin da ba ta yi ba, tana kabari, kuma jimlar har daɗi ta yi mini. Na yi mata addu'a, na nemi gafara.

Na sake rubutawa daga tsakiya. Da na zo kan Yaya hannuna ya yi ta son sassautawa: yarinya ce, ba ta sani ba, an tsokane ta. Na bar yarinya ce. Sauran na goge, don ba ta roƙe ni in kare ta ba.

Akwai kuma abin da na tsallake a na farko. A sakandare in an tambaye ni aikin Inna nakan ce tana ofis, in yi shiru, in bar su su ƙarasa da kansu. Ni ba wanda ya ajiye mini tsintsiya. Na sa shi. Wannan ba sai na nemi izinin kowa ba, kuma shi ya fi wuya.

Asabar, 31 ga Mayu

Ƙarfe goma aka ce mu saki. Goma saura kwata na ɗauki waya zan kira Yaya, ko sakin layi ɗaya ne in karanta mata. Na ajiye. Na sake ɗauka. Maigida ya ce, "Malama, matar nan ta ce kar ki karanto mata. Cika mata magana shi ma ladabi ne."

Na yi bismillah na saki.

Ban duba abin da mutane suka ce ba sai bayan la'asar. Likitar haƙori ta fassara shi zuwa yarensu tun kafin in gani, ta turo tana neman izinin sakawa, wai ta koya a wajena. Wani daga wata ƙasa ya ce tasa uwar a cikin kwandon cefane take ɓoye nata kayan. Mai Hula ya rubuta kalma biyu kawai: na janye.

Daga Yaya shiru.

Litinin, 2 ga Yuni

'Yar Yaya ta biyo asibiti da jaririnta. Ta ce jiya uwar ta miƙa mata waya ta ce ta nemo shafin, ta karanta mata. Da ta gama ta ce ta sake. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, sai sallah ta fito da ita. Na ce ta yi fushi? Ta ce, "Wallahi Anti ban iya ganewa ba. Ta dai ce in tura wa babanmu."

Da yamma saƙon murya ya shigo. Ba gaisuwa mai tsawo. "Auta, ranar Asabar ki zo da wuri. Akwai lokacin da Inna ta yi rigima da manajan benen a kan wata sabuwar mai shara, ke ba ki san wannan ba. Ki taho da abin rubutu, ni ba na maimaita magana."

Na saurara sau uku. Ban tambaye ta ko wannan ma ba za a karanto mata ba, kuma ban ji ina bukatar tambaya ba. Ban san me zan ce a kan hakan ba tukuna.

Na tsaya a shagon bakin titi na sayi sabon littafi. Mai shagon ya ce ƙarami ko babba? Na ce babba.