Ba Zan Durƙusa wa Wanda Ya Fasa Mini Yatsa Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Zaman Wasanmu na Asabar, Stratford.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ranka ya daɗe, na rubuto a fili ne domin a fili aka yi mini abin. Sau huɗu ina sake wasiƙar nan don kada in ƙara ko kalma ɗaya.

Na ɗaya. Ga waɗanda ba sa zuwa, wasanmu na haɗin gwiwa ne. Mu biyar 'yan kwana-kwana ne a kan allo, gida yana ci da wuta, ko mu fitar da mutanen ciki tare ko mu faɗi tare. Kowa da ɗan wasansa da yake turawa a kan allon, ana yi bi da bi. Amma tun da Dakta Mansur ya shigo teburinmu, mutum ɗaya ke wasa, huɗu na kallo. Asabar ɗin da ta wuce na duba agogo: minti goma sha bakwai ya yi yana lissafi a kan tafiyar Hajiya Rabi, ba tasa ba. Ta tashi ta yi la'asar ta dawo, bai gama ba.

Na biyu. Da aka zo kaina, na ce zan shiga kicin in ɗauko tsohuwar da hayaƙi ya rufe. Ya ce a'a. Na ce ya yi haƙuri, tafiyata ce, na miƙa hannu. Sai ya ɗaga kofin shayinsa ya maka mini a bayan hannu. Kofin ya tarwatse. Shayi ya ƙona ni, tangaran ya tsaga mini manuniya har farce. Jini ya malala a kan allon, daidai kicin ɗin. Dakta bai dubi hannuna ba, katunan wasan ya riƙa kwashewa kada su jiƙe. Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa asibiti da hannu naɗe a hankicin Hajiya. Ɗinki huɗu aka yi mini.

Na uku. Ranar Litinin ka kira ni, ka ce Dakta sa'an mahaifina ne, in je flat ɗinsa in durƙusa in ba shi haƙuri kafin Juma'a, in ba haka ba a cire ni daga zaman. Ka kuma tuna mini cewa shi zai rubuta mini reference, wato takardar shaidar hali, na aikin farko da na nema tun gama digiri. Ban manta ba, tunanin ya hana ni cin abinci kwana uku. Amma ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba, mutum uku shaida ne. Haƙurin me zan bayar?

Ina roƙo a ajiye agogon yashi na minti biyu a kowane tebur. Kada kowa ya taɓa ɗan wasan wani, shawara kuma sai an nema. Wanda ya doki abokin wasa ya bar teburin, ko shekarunsa nawa.

Ba zan je flat ɗin ba. Jiya na aika wa Dakta saƙo ya bar reference ɗin. Ranar Asabar ƙarfe uku zan zo, in gaishe shi kamar yadda aka koya mini a gida, in zauna a kujerata. Tsohuwar nan tana kicin har yanzu, da hannun hagu zan ɗauko ta. In korata za a yi, a kore ni a gaban allon, tabon jinin bai fita ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci ko a kan sa'anka ne.

Wassalam.

Ɗanka,
Nura