Agogon Falo Bai Lalace Ba

Zuwa ga Malamata, sanyin idanuna, inuwar da nake raɓawa idan rana ta take, ruwan sanyi a ƙarshen doguwar tafiya, uwar 'ya'yana, alƙaliyar gidan nan da ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai gan ki ba, ko da yake ɗazun nan kika miƙo mini shayi kina faɗan na bar tabarau a kan kujera.

Kada ki yi mamakin tsintar wannan takarda a tsakiyar littattafan 'yan ajinki. Ni na cusa ta. Na lura idan na buɗe baki zan yi miki magana mai nauyi, ina cikin share fage kin riga kin miƙe, wai kin san inda labarin zai ƙare. Ba laifina ba ne, kakata ce ta rene ni da tatsuniya, ita kuwa ba ta taɓa shiga gida ba sai ta zagaya shi. Amma duk abin da aka rubuta a takarda kina karanta shi har ƙarshe, ko da na yaron da ya fi kowa shirme ne. Alfarma ɗaya nake roƙo: ki ajiye jan biron nan tukuna.

Maganar agogon falo ce.

Tun ranar da saƙon makarantar ƙasar wajen nan ya zo, suna neman ki je ki koyar musu da Turanci, kike ganin agogon yana yin gaba. Ki taka kujera ki gyara, washegari ki tarar ya sake zarcewa. Kika sauya masa batir, a banza. Rannan kuma kika leƙo daga kicin kika gan ni a kan kujerar, ina murza hannunsa gaba da kaina. Da yamma sai na ji ki a waya da 'yar autarmu, kin yi ƙasa da murya, kina ce mata babansu ya fara rikicewa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gyaran agogo yau shi ke ɓata na gidansa. Kika ce ba za ki tsallake ki bar ni a haka ba, kafin makon nan ya fita za ki rubuta musu su nemi wata.

Haba Malama! Haba farin watana! Kunnen nan da kike cewa ya yi nauyi, a ranar tas ya ji.

Ban rikice ba. Lokacin garin da za ki na saita. Na tambayi surukinmu, ya duba mini a wayarsa, ya ce ranarsu tana riga tamu fitowa. Sai na ce bari in fara sabawa tun kina nan, kamar mai tsoma ƙafa a rafi kafin ya shiga. In ɗaga kai in ce yanzu Malama ta shiga aji, yanzu ta kama wani yana barci a layin baya, yanzu tana kakkaɓe alli daga mayafinta. Na so in yi abina a ɓoye don kada ki ga raunina, sai ɓoyon ya jawo mini sunan da ya fi raunin muni.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona? Kina sabuwar malama, agogon hannunki ya tsaya, na buɗe na tarar ƙurar alli ta cika cikinsa. Kina tsaye a tsorace, domin washegari masu duba malamai za su zauna a ajinki, darasin kuwa na faɗin lokaci ne da Turanci. Kika dubi bangon shagon, agoguna rataye kowanne da inda ya nufa, kika ce in zama ɗalibi ki gwada a kaina. Kika nuna wani kika tambaye ni. Na ba ki amsa da iyakar ƙarfina, ban san me na faɗa ba har yau, amma kika yi dariya har kika dafa tebur, ƙananan kusoshina suka watse a ƙasa. Tsoron ya tafi. Ni kuma tun ranar ban sake tattara kaina ba.

Daga nan ya zama ƙa'ida. Babu sabon darasin da kika taɓa kai wa yara sai kin fara gwada shi a kaina, kina cewa in dai ya shiga wannan kan, to zai shiga na kowa. 'Ya'yanmu suka taso suka wuce ni, jikoki suna shirin wucewa, ni ina nan a aji ɗaya daram kamar dutse a tsakiyar kogi. Wane ɗalibi ne ya taɓa jin daɗin maimaita aji kamar ni?

To bari in faɗa miki gaskiya, tunda takarda ba ta ganin idon mutum. Ina son ki tafi? Wallahi ba na so. Gidan nan ba ke, ai kango ne mai fenti. Wa zai riƙa motsa baki yana karanta rubutun yara, yana tsaki, yana murmushi? Wa zai ɓoye mini sukari? Idan na tuna safiyar da zan farka in ji shiru a kicin, sai in ajiye aikin da ke hannuna. Na auna wannan, na sake aunawa, da ɗan madubin nan da nake maƙalawa a ido ma na duba shi.

Amma na ga fuskarki ranar da saƙon ya zo. Kin karanta, kin ce ai wannan sai yara, mu mun tsufa. Bayan haka na tarar an sauko da babban akwati daga kan kabad an goge shi, wai ƙura ce ta dame ki. Shekaru nawa yana can ƙurar ba ta dame ki ba? Na kuma ji ki a gaban madubi kina gaida wasu ɗalibai da ba su iso ba tukuna, da muryar nan taki ta ranar farko. Tsuntsuwar da take gwada fiffike a bakin taga, ni ne zan rufe tagar in ce don ƙauna na yi?

Ba su ce har abada ba, wa'adi ne, da hutu a tsakani. Maganin hawan jinina na san inda yake, na san farar ƙwayar ta safe ce. 'Yar auta tana nan kusa, kin kuma san halinta, naki ta ɗauko, ba za ta bar ni in sha iska ba. Ruwan zafi kuwa na iya dafa shi tun kafin a haife ki.

Na san akwai abin da ba ki faɗa wa kowa ba: ba ki taɓa shiga aji da darasin da ba a gwada ba. To ɗalibinki bai ajiye karatu ba. Lokacin da za ki taso daga aiki can, ni nan ina shago rana ba ta yi sanyi ba. An koya mini inda ake dannawa fuska ta fito a waya. Ki kira, in jingine ta a jikin akwatin kayan aiki, in naɗe hannu, ki tambaya, in ba ki amsar da za ta sa ki dafa tebur. Na yi miki alkawari ba zan ƙara ilimi a bayanki ba.

Idan kin zauna don ranki ne bai kwanta da tafiyar ba, madalla, zan fi kowa murna, har in kasa ɓoyewa. Amma kada ki zauna don jinyar ciwon da ba ni da shi. Wannan ne kaɗai ba zan iya ɗauka ba, in riƙa kallonki kina goge akwati.

Ba sai kin ba ni amsa da baki ba, na san bakin zai yi miki nauyi. Na sake tura agogon gaba da safen nan, na kuma bar miki kujerar a ƙarƙashinsa. In kin mayar da shi lokacinmu da hannunki, ba zan ƙara taɓa shi ba. In kuwa na dawo daga shago na tarar da shi yadda na bar shi, zan ɗauke kujerar in mayar da ita wurinta, in je in nemo wa akwatin nan sabon kwaɗo.

Naki jiya, naki yau, naki a kowane lokaci agogo ya nuna, na nan ko na can,

Ɗalibinki na layin gaba, wanda bai taɓa cin jarrabawarki ba, bai kuma taɓa fashin aji ba.