Babur ɗinka yana zaure, Nasiru

Zuwa ga ƙanena Nasiru,

Assalamu alaikum. Na san inda kake ba a kai wasiƙa, kuma ba za ka karanta wannan ba. Shi ya sa ma na iya rubutawa. Da kana raye, kunya ba za ta bar ni ba.

Inna tana nan lafiya, sai dai ciwon gwiwa. Matarka Hadiza ta gama takaba, ta koma gidansu a Shagari da 'yarku. Albasa ta yi kyau bana a gonarmu ta Dandin Mahe. Babur ɗinka yana zaure, an lulluɓe shi da buhu. An taya ya fi a ƙirga, Inna ta ce ba za a sayar ba.

Har yanzu zancenka ake yi a Bodinga. Duk inda na zauna sai wani ya tuno shekarar da ka ɗaure tanti da risho da butar shayi a bayan babur, ka kama hanya kai kaɗai har tsaunukan Mambila da gandun dajin Gashaka. Kowa ya ce ka haukace, ni kuma na fi kowa ɗaga murya. Ka dawo a rame, leɓɓanka duk sun tsage, amma kana dariya. Ka nuna mana hoton gajimare a ƙasan ƙafafunka. Ka ba mu labarin biran da suka sace maka burodi, da ma'aikacin gandun da ya raka ka bakin wani ruwa mai zubowa daga dutse, da sanyin da ya sa ka kwana da takalmi a cikin tanti. Inna, wadda ta yi ta kuka ranar tafiyarka, ita ce ta riƙa sa ka maimaita labarin biran ga duk baƙon da ya shigo.

Ka san inda nake duk tsawon tafiyar nan? Ina gona, ina ban ruwa, nawa da naka. Ba wanda ya tambaye ni yadda na yi. Ina zaune a gefen tabarma ina murmushi kana ba da labari, zuciyata kuwa kamar ta ƙone. Ni ne babba, Nasiru. Iyakar tafiyata Kano, a saman buhunan albasa, in sauke kaya in juyo. Me ya sa kai Allah ya ba ka ƙarfin halin tashi ka tafi, ni ya ba ni na zama?

Mun ɗauka hanya ce za ta ci ka, sai ga shi zazzaɓi ya ɗauke ka a kan gadonka. Ko wajen ta'aziyya, bayan addu'a, zancen tsaunuka aka shiga. Na zauna ina karɓar gaisuwa ina tunanin abin da za a ce ranar tawa. Wataƙila a ce, Allah sarki, ya iya noman albasa. Ina kuka da rashinka, ina kuma jin haushinka, duk a zama ɗaya. Allah ya yafe mini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗana Bashir. Ya gama sakandare. Kowace Juma'a sai ya yaye buhun nan ya goge babur ɗinka, ya tayar da shi don kada inji ya kwanta. Hotunanka duk suna cikin wayarsa. Da ya buɗe baki, Baffa Nasiru ya ce, Baffa Nasiru ya yi. Ni da na haife shi, ban taɓa ji ya ce yana son ya zama kamar ni ba.

Watan jiya ya same ni ya ce yana so ya je inda ka je. Na hana shi. Na kawo masa zancen rashin tsaro a hanya, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Shekaranjiya bayan la'asar na ga ba kowa a zaure, sai na yaye buhun na hau, na riƙe kan babur ɗin kamar yaro. Ban ji shigowar Bashir ba. Bai yi mini dariya ba. Sai ya ce idan tsoro nake ji masa, to in zo mu tafi tare bayan an cire albasa, ai babur yana ɗaukar mutum biyu. Na sauka na mayar da buhun. Kai ba ka taɓa ce mini in zo ba, Nasiru. Na san da na ƙi, da na ce wa zai kula da gona. Amma me ya hana ka tambaya?

Ban ba shi amsa ba tukuna. Na dai kira makaniki ya zo ya duba tayoyin babur ɗin. In ma na je, sawunka zan bi, duk dutsen da na hau ka riga ni. Ga shi wannan tafiyar ma ka riga ni, kai kaɗai, ba ka yi shawara da kowa ba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa inda kake ya fi inda ka gani kyau.

Yayanka da ka bari da gona,
Sani