Giwayen da ke Bangon Falona

Aziziyya, Jidda.

Zuwa ga Yaya Mastura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi. Maigidana Abdulwahid yana can shagonsu na Sharafiyya, an sabunta masa iƙama, takardar zama, hankali ya kwanta ta wannan ɓangaren. Lujain ta shiga aji biyu, baki sai ka ce reza, amma da Larabci. Hausarta har yau ta 'yan koyo ce.

Yaya, tun da kika ce bizar Umrar Baba ta fito na kasa zama wuri ɗaya. Kwana tara ya rage, kuma a falona zai sauka. Kin san abin da ke falon nan: fayafayai bakwai da tabarmar kaba da kika aiko min, kowanne da giwa a tsakiya. Da su na rufe bangon da ya yi shekara huɗu yana kallona fayau kamar na asibiti. Maƙwabciyata Sadiyya, 'yar Hausawan Sudan, ta ce ita ma tana so, da na gaya mata cewa ƙungiyarku ta mata da kuɗin saƙar take sayen amya a jera a bakin gonaki, ƙudan zuma su kori giwa ba sai an harbe ta ba. Na yi ta hura hanci ranar, wai yayata ce.

To amma Baba fa? Giwa ta cinye masa dawar shekara guda cikin yini ɗaya, garin korarta ya faɗa rami, ga shi yau da sanda. Da kunnena na ji shi a waya yana cewa duk wanda ya sa hannu a aikin kare dabbar nan ba jininsa ba ne. Ke kuma kina saƙarki a ɓoye a gidan ƙawarki Rabi'a, shekara biyu ke nan. Rana dai ba ta ƙarya.

Abdulwahid ya ce halas, wato shi ke nan, in sauke su kawai, mako biyu ba shekara ba ne. Na bi maganarsa, jiya na kwashe su na tura ƙarƙashin gado. Lujain ta dawo makaranta ta tsaya gaban bango da jakarta a baya, ta tambaye ni ko an kashe giwayen ne. Yarinyar da ba ta taɓa taka garinmu ba, abin da ta sani na gida ke nan. Ta ba kowacce suna, ta kuma yi wata guda tana haddar yadda za ta gaya wa kakanta sunayen da Hausa. Wallahi sai da na yi hawaye. Kafin la'asar na mayar da su.

Na yi tunanin in ce masa a kasuwa na saya. Da na ɗauki faifai ɗaya na juya bayansa, sai na ga bakin: ninki biyu da ƙulli a ciki, irin na marigayiya Inna. Duk garinmu ke kaɗai kika gaje shi. Mutumin da ya yi shekara talatin ana rufe masa tuwo da faifan Inna ba zai kasa ganewa ba.

Don Allah Yaya, ki zauna da shi kafin ya hau jirgi. Ya yi faɗansa a gida, inda akwai Kawu Mahmudu da zai ba shi baki. Gara ya ji daga bakinki da ya gani a bangona, jikarsa riƙe da hannunsa tana murna.

Ki gaishe min da Kawu Mahmudu, da Rabi'a, da su Asma'u. Ki kira ni da zarar kin karanta, ko me kika yanke.

Taki ƙanwa,
Juwairiyya