Yaya, Kada Ka Kira Sunan Ɗan Takara a Mumbarin Baba

Assalamu alaikum Yaya Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gaida Inna da iyali.

Labari ya iso ni. Wai ranar Juma'a za ka hau mumbarin da Baba ya bar maka, ka faɗa wa mutanen unguwa wanda za su zaɓa. Sau uku na kira ba ka ɗaga ba, shi ya sa na rubuta a nan, kowa ya gani.

Ka san ni da baki. Ranar zaɓe a nan Port Richmond, unguwar da nake zaune a ƙasar waje, na haɗu da wani dattijo ɗan Thailand a tashar bas, ɗaya daga cikin sufayen addinin Buddha, masu aske kai ƙwal da mayafi ruwan goro. Na tambaye shi wa yake so. Ya ce bai taɓa jefa ƙuri'a ba, a ƙasarsu doka ta hana irinsu. Nan na hau faɗa, na ce wannan zalunci ne tsagwaronsa. Ya bari na gama. Sannan ya ce kullum safe 'yan kowace jam'iyya ke kawo musu abinci a wurin ibadarsu. "In na ɗauki ɗaya, gobe ɗayan da wace fuska zai shigo?"

Ban yarda ba, na tafi ɗakin karatu na tona. Ashe a Sri Lanka sufaye har majalisa suka shiga. Wani direba ɗan can ya ce min tun daga lokacin, in mutum ya tashi zagin jam'iyya sai ya haɗa da mayafin.

Har gobe ban yarda a hana malami ƙuri'a ba. Je ka dangwala wa wanda kake so, haƙƙinka ne. Amma Malam Audu tela fa? Ɗan adawa ne, kuma tun kafin a haife mu yake sahun farko. Ya tashi ya fita, ko ya zauna ya sunkuyar da kai?

Kai ka riƙe min buta ranar da na koyi alwala, Yaya. Ba zan iya jin ana zaginka a teburin mai shayi ba.

In ka kira sunan ɗan takara a mumbarin, da babbar Sallah zan zo, in durƙusa in gaishe ka, in ci tuwon gidanka. Amma Juma'a a masallacin bakin kasuwa zan yi ta.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ka ƙarfin cewa a'a.

Ƙaninka,
Nasiru