Sati Biyar Ina Gudun Matata Saboda Takardar Gwajin Jini

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗau zafi. Wannan wasiƙar ma sau uku ina farawa ina gogewa.

Ni mai gyaran firij ne. Shekararmu ɗaya da wata huɗu da aure. Matata malamar firamare ce, tana da cikin fari wata biyar, kuma ba mu taɓa faɗan da ya kwana ba. Sati biyar da suka wuce aka yi wa yayana aiki a asibiti, aka nemi jini, na naɗe hannun riga na je. Da aka gwada sai ma'aikaciyar ta ja ni gefe, ta ce ba za su karɓi nawa ba, ina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Ta yi ta bayani, amma wallahi abu ɗaya kawai ya shiga kunnena, wai ana iya ɗauka ta kwanciyar aure. Na fito na ce wa 'yan'uwa jinina ne ya yi ƙasa. Takardar kuwa na ninke ta na tura ƙasan akwatin kayan aikina, tana can duk ta sha baƙin mai.

Tun ranar ban sake kusantar matata ba. Na ware kofina da cokalina, na ce mura nake yi. Murar sati biyar, Anti! Da farko har tsokanata take yi, wai ko murar nan ta kama haya ne a jikina. Yanzu ta daina. A gida ba na iya zama, a shago ma ba na iya zama. Sai in kwance firij mai lafiya in sake ɗaurawa don dai hannuna ya samu abin yi. Shekaranjiya na kai wa wani mai sayar da ƙanƙara firizar da ba tasa ba, sai da muka sauke ta daga mota na ankara.

Mutum ɗaya na faɗa wa, Dogo mai walda da ke maƙwabtaka da shagona. Ya ce in kama bakina, in danginta suka ji za su raba auren. Ya kawo mini wani jiƙo a jarka, kwana biyu na sha, na yi ta amai.

Ba zan ɓoye miki ba, kafin aure na taɓa kuskure da wata yarinya, shekara shida ke nan. Tun da na yi aure ban kalli kowa ba. To daga ita ne? Rezar mai aski ce? Ban sani ba. In na faɗa wa matata, ai cewa za ta yi na ci amanarta. Ranar Asabar tana guga, ba ta ko ɗago kai ba, ta tambaye ni ko cikin ne ya sa nake ƙyamarta, ko kuwa wata na samu. Na yi wata dariyar banza, na ɗauki makullin babur na fice, na yi ta zagaye gari ba inda za ni.

Abin da ya fi cina shi ne jaririn. Ko na riga na cuce su su biyun? In faɗa mata ne, ko in jira ta haihu?

Mai gyaran firij da ya rasa sukuni

AMSA

Ƙanena, kada ka jira ta haihu. Ka faɗa mata a makon nan.

Na ga kirkinka: tsoron cutar da ita ne ya sa ka janye jiki. Amma ka duba daga wajenta. Mace mai cikin fari, miji ya ware kofi, ya ƙaurace mata, ta cire kunya ta tambaya ya yi dariya ya fita. Kai kana fama da abin da ka sani, ita tana fama da abin da take zato. Kuma jikinta ne, cikinta ne, tana da haƙƙin sani.

Ciwon hanta nau'in B ba shaidar cin amana ba ne. Mutane da yawa tun wajen haihuwa ko suna ƙanana suka ɗauka, suka girma ba su sani ba. Wataƙila ba za ka taɓa gane inda ka samo shi ba, don haka ka daina wannan shari'ar da kanka. Ba a ɗaukarsa ta kofi ko cin abinci tare ko runguma. Reza, buroshin haƙori da abin yanke farce, su ne kowa zai riƙe nasa.

Ka zaunar da ita lokacin da ba wanda ke sauri. Ka fara da ba ta haƙuri kan satin nan biyar, sannan ka miƙa mata takardar. In ta yi fushi ko kuka, ka zauna, kada ka nemi makullin babur. In ta yi tambaya, kada ka yi mata ƙarya.

Daga nan ku je asibitin da take awo, tare. In ba ta ɗauka ba, akwai allurar rigakafi da ake yi ko da ciki, ku riƙa amfani da kwaroron roba har likita ya ce ta samu kariya. In ta ɗauka, sanin da wuri shi ne gatan jaririn: za a sa mata ido, a yi masa rigakafi cikin awa ashirin da huɗu da haihuwa. Shi ya sa jira yake da haɗari.

Kai ma a sake gwada ka, a duba lafiyar hantarka, domin ba kowa ke buƙatar magani ba. Jiƙon Dogo ka zubar, yana iya ƙara wa hantar wahala. Ya tsaya a waldarsa. 'Yan'uwanka ma ya kamata su yi gwaji, amma matarka ce za ta fara ji, kuma daga bakinka.

Allah Ya ba ka lafiya da ƙarfin zuciya, Ya sauke ta lafiya, Ya dawo muku da dariya cikin gidanku.